Abin da ke cikin memorin mutane: tafiyata Maigatari

Duk wanda zai je kasuwar Maigatari daga Kano, in dai yana so ya same ta tun tana ɗanya, to ranar Laraba zai tashi ya kwana a kusa, don Alhamis take ci kuma masu shanu da raƙuma ba sa jiran rana ta ɗaga. Nima haka nayi. Ɗan baffana ne yake harkar riɗi da zoɓo a wani ƙauye can gaba da Gumel, ya daɗe yana min gori wai mu 'yan birni zumuncinmu a WhatsApp ya tsaya, to da kaka ta yi sanyi ya fara shigowa sai na ɗauki 'yar jakata na nufi tashar Yankaba.

Sharon na samu, irin wadda ake cusa mutum biyu a gaba huɗu a tsakiya, kuɗin mota kuwa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba wanda yake ƙara ɓata bakinsa wajen neman ragi, ka biya kawai ka shiga ka takure. Bamu gama fita daga cunkoson titin Haɗeja ba direba ya zaro wata 'yar filash daga aljihun gaban rigarsa ya soka a rediyon mota, sai ga kalangu ya cika ko'ina. Shata ne. Wasu samari biyu da ke can baya, da ganinsu ɗalibai ne za su gida hutu, ɗayan yace oga direba don Allah a ɗan sabunta mana mana, wannan ai ta zamanin su kaka ce. Direba ya kalle shi ta madubi yace yaro ranar da ka sayi taka motar sai ka sa abin da ranka yake so, wannan dai tawa ce. Aka kwashe da dariya, ni na ɗauka magana ta ƙare kenan ashe yanzu aka buɗe ta.

Shi direban dattijo ne, kuma da alama ya saba wannan gardamar don hujjojinsa a jere suke. Yace kaf mawaƙan ƙasar Hausa ba wanda ya mutunta direbobi kamar Mamman Shata, ya yi wa direbobi waƙa ba iyaka lokacin da mutane ke ɗaukarsu 'yan tasha marasa daraja, kuma mutumin da ba ya rubuta waƙa a takarda, a tsaye yake ƙirƙirarta yana kallon wanda yake yi wa, har jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu tun 1999 amma yau ga shi a motarsa a kan hanyar Gumel, to wanne daga cikin naku 'yan fiyanon za a sa a mota bayan shekara ashirin da barinsa duniya? Yaron bai ja da baya ba, yace Baba ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, in Hausa ake nema a saurari Aminu Ala ko Nura M Inuwa a ji in ba a samu karin magana da azanci ba, kuma ku ma a zamaninku akwai masu shirme, shirmen ne ya mutu ya bar muku masu kyan shi ya sa kuke ganin kamar kowa gwani ne a da. Wallahi wannan maganar ta yaron ta burge ni, ban dai nuna ba saboda a kusa da direba nake zaune.

Sai wata Hajiya da ke tsakiya da ƙullin kayanta a cinya ta shigo, tace ku maza kullum Shata Shata, kamar mata ba su taɓa buɗe baki ba, ina kuka bar Barmani Choge? Tace ita har yau in tana aikin gida amada take sawa, ƙwarya a kife cikin ruwa ana kaɗawa, kuma matar nan 'yar Funtuwa tun kafin a fara taron ƙarfafa mata a otal take gaya wa mata su tashi su kama sana'a su daina zaman jiran miji, Allah ya jiƙanta ta rasu a 2013. Direba yace Hajiya ai ina da ita a ciki, a bari mu wuce Zakirai. Wani ustazu kuma da tun tashi bai ce uffan ba ya gyara murya yace da dai an sa mana karatu da ya fi mana alheri gaba ɗaya. Direba yace Allah gafarta malam da karatu na fito da asuba, yanzu kuwa la'asar ta gabato ga rana ga gajiya, barci nake kora, in kuma ka yarda in sa abin da zai kwantar min da jiki to bismilla. Malam yace a'a a ci gaba da korar barcin.

Abin da ya raba gardamar a ƙarshe ba hujja ba ce, na'ura ce. Yaron ya miƙo wayarsa yace a haɗa ta Bluetooth a ji waƙa ɗaya tak a yi alƙalanci, ashe rediyon motar tsohuwa ce filash kawai take karɓa. Sai ya buɗe sifikar wayarsa can baya suna ji shi da abokinsa da wata yarinya, Hamisu Breaker a baya Shata a gaba, mu na tsakiyar rikici kunne ɗaya nan ɗaya can, haka muka tafi har Gujungu.

Gujungu Lahadi take ci, don haka rumfuna duk a wofi muka tarar, sai masu rake da awara da soyayyen kifi a bakin titi. A nan hanya ta rabu, ɗaya ta yi Haɗeja ɗaya ta yi Gumel, kuma muna tashi direba ya danna ya danna har ya samo Haruna Uji, yace duk wanda ya zo mararrabar Haɗeja bai sa gurmi ba bai san hanya ba. Abin mamaki a nan ba wanda ya yi musu, har samarin suka kashe tasu. Ina ganin dalili biyu ne, na farko mutumin ɗan Haɗeja ne kuma 'yan Jigawa akwai kishin nasu tun da aka yanke musu jiha daga Kano a 1991, na biyu kuma shi waƙar soyayya ya fi shahara da ita, da gurminsa kawai, ƙoƙo da fata da tsirkiya, to duk abin da mawaƙan soyayyar yanzu suke yi da fiyano shi ya riga su da hannu. Yaron ma cewa yayi wannan ai namu ne.

Ana kiran magariba muka shiga Gumel. Daga nan sai acaɓa, hanya duk rairayi, babur na wutsil-wutsil. Ɗan acaɓan ya ɗaure wata 'yar MP a kan hannun babur da roba, me take yi? waƙar siyasa ta zaɓen 2023, irin ta su Rarara. Nace malam zaɓe ai ya wuce tuntuni. Yace yallaɓai ni ko zaɓar mutumin ban yi ba, kiɗan ne yake min daɗin tuƙi a cikin yashi. Na daɗe ina juya wannan amsar, don mu a birni in aka ji waƙar ɗan takara a wayarka an gama yanke maka jam'iyya.

Bayan an ci tuwon gero da miyar kuka an gaisa da Baffa da su Inna, Yaya, wato ɗan baffan nawa, yace taso in kai ka inda garin yake. Garin ba wutar lantarki, ko'ina duhu sai fitilun hannu, amma can bakin dandali akwai wani ɗan shago na langa-langa da ƙwan sola fari tas, ga benci biyu a gaba an cika su, yara kuma a tsaye. Shagon caji ne. Faifan sola a kan rufi, batir biyu a ƙasa, allo guda an jera masa soket tun daga sama har ƙasa, kowace waya an manna mata lamba da salatif an ba mai ita irin lambar a ɗan kwali. Yawancinsu ƙananan wayoyi ne masu madannai, Itel da Tecno, manyan ba su fi a ƙirga ba. A kan tebur kuma ga wata tsohuwar laftof da gilashinta ya tsage ta gefe, da had dis a ɗaure da ƙyalle kamar laya, da sifika. Mai shagon saurayi ne da ya gama sakandare bai samu ci gaba ba, kowa injiniya yake ce masa har dattawa.

To a nan na ga abin da ya sa nake wannan rubutun. Caji rabin sana'ar ne, ɗaya rabin turi ne. Mutum ya zo ya ɓalle bayan wayarsa ya zaro memori, mai giga 2 ko 4 ko 8, ya miƙa yace injiniya a zuba min, shi kuma ya sa a kad rida ya tambaye shi wanne iri. Na leƙa na ga foldodinsa, ya kasa su tsaf: tsofaffi, soyayya, biki, bege, siyasa, dambe, Indiya, wa'azi, karatu, littafi, sai wata da ya rubuta wa sababbi. Lokaci-lokaci yake shiga Gumel, wani zubin har Kano kasuwar waya ta Farm Centre, ya cika had dis ɗinsa a wajen manyan 'yan dawunlodin ya dawo, duk abin da ya kwaso kuwa shi garin zai ji har ya sake fita. Kenan a garin nan ba TikTok ne yake yanke waƙar da za ta tashi ba, ba kuma gidan rediyo ba, wannan yaron ne mai tsagaggiyar laftof.

Kuma ya san garin ta cikin memori fiye da yadda mai unguwa ya san shi. Yace min yallaɓai ni ko ba kalanda na san watan da ake ciki. In Rabi'ul Awwal ya kama kowa bege yake nema, har waɗanda ba ka zata ba. Ana gobe azumi layi ake yi a goge waƙoƙi a zuba tafsiri da karatu, wasu ma sai su ce injiniya ajiye min nawa a gefe kar su ɓata, ana sauke sallar idi su dawo a mayar musu. Da damina dogayen waƙoƙi ake so, wadda mutum zai sa waya a aljihu ya kama kunya ya kai ƙarshenta bai taɓa madanni ba, a nan ne Shata da Ɗanƙwairo suke ciniki. Da kaka kuma irin yanzu sai na biki da na dambe, Ɗan Anace yana wasa Shago, samari na ji suna dunƙule hannu alhali ko ɗan zakara ba su taɓa kayarwa ba. Matan aure ba sa zuwa, yara suke aikowa da memori a ƙulle a bakin zani ko cikin leda, yaron ya zo ya karanto saƙo kamar hadda, wai inji Umma a sa mata na soyayya masu sanyi ban da masu rashin kunya, sannan a ƙara mata ci gaban littafin da ake karantawa, ta tsaya a kashi na kaza. Yace in ka ga amarya ta aiko a cire na soyayya a sa mata masu habaici, to ka san an fara maganar kishiya a gidan, amma shi ba ya faɗa wa kowa, sirrin sana'a ne. Nace to ga shi ka faɗa min. Yace ai ban kama suna ba.

Ana cikin haka ya saki wata tsohuwar waƙar fada a sifika, a jikin fayil an rubuta Ɗanƙwairo. Wani dattijo da ke ƙarshen benci yana ɓare goro yace kai injiniya kashe, wa ya ce maka wannan Ɗanƙwairo ne? Narambaɗa ne, ba ka ji Sarkin Gobir na Isa ake ambata ba? Injiniya yace Baba haka na samo ta a rubuce. Baba yace to wanda ya rubuta jahili ne. Ashe wannan tsohuwar rigima ce tsakaninsu, su 'yan turi duk waƙar da aka ji kalangu Shata ce, duk wadda aka ji kotso ko taushi da amshi mai kauri Ɗanƙwairo ce, sai ka samu Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Sa'idu Faru duk an tura su gida ɗaya an rufe. Dattijon nan bai yi boko ba, rediyon Kaduna ce makarantarsa, tun zamanin da ake sayen katin zaɓi sonka a aika gaisuwa, amma daga jin yadda 'yan amshi suka karɓa zai gaya maka ko waye, ya gaya maka sarkin da ake yi wa, yace Jankiɗi na Sarkin Musulmi Abubakar ne, kowane makaɗin fada da ubangidansa, ba a haɗa su. Ya sa yaron ya gyara sunan a take yana tsaye a kansa. Na tambayi injiniya ko yana jin haushi, yace ina, ai rabin foldar tsofaffin nan Baba ne ya gyara min ita, shi ya sa har daga wasu ƙauyukan ake zuwa wajena.

Daga nan aka juyo kaina. Wani yace to ɗan birni kai me kake ji kwanan nan, a ba mu mu sha. Na zaro waya da ƙwarin gwiwa na buɗe Audiomack, ta tsaya tana ta juyawa, sabis ɗin garin sai ka je bayan makarantar firamare kan wani tudu, wani lokacin ma layin Nijar wayar take kamowa. Suka yi ta dariya. Yaya yace kai yanzu duk waƙoƙin da kake taƙama da su ba ko ɗaya a hannunka? Nace suna nan a intanet. Yace to ai ba naka ba ne, aro kake yi kullum kana biyan kuɗin data. Na rasa abin cewa. 'Yan kaɗan da na taɓa saukewa su na tura wa masu manyan waya ta Xender, su kuma masu ƙananan aka bi su da Bluetooth ɗaya bayan ɗaya, abin ba sauri amma ba wanda yake gaggawa.

Abin da na lura shi ne a nan ba wanda yake jin waƙa shi kaɗai. Iyafis ɗaya ban gani a kunnen kowa ba, kowa a sifika yake saki, a gona, a bakin rijiya, a kan amalanke, don haka abin da kake ji kowa ya sani kuma kowa yana da ta cewa a kai. In saurayi ya fara maimaita waƙar rabuwa gari ya san an hana shi yarinya. In dattijo ya sa ta 'yan fim sai an tsokane shi a majalisa. Waƙa ba ta wucewa haka kawai, sai an tattauna ta, wannan baitin da wa yake, wancan habaici ne ko zambo, muryarsa ce ko na'ura ce ta gyara masa. Ni a Kano ina iya shafe wata ina jin abu a kunnena matata ma ba ta san me nake ji ba.

Amma fa akwai inda abin bai min ba, kuma na faɗa musu. Duk wannan turin ko sisi ba ya kaiwa ga mawaƙin. Mutum ya biya situdiyo ya biya mai kiɗa, waƙa ta fita yau gobe tana cikin memori dubu, kuɗin turi kuma aljihun injiniya da ire-irensa. Shi ya sa mawaƙan yanzu abincinsu yana wajen biki da liƙi da 'yan siyasa da masu kuɗin da za a yi wa waƙa, sai 'yan abin da YouTube ke kawowa, sannan mu dawo muna ƙorafin wai waƙa ta koma roƙo da tallan 'yan takara. Injiniya bai yarda ba, yace yallaɓai mu ne muke kai su inda ƙafarsu ba za ta taɓa zuwa ba, wa zai gayyaci mawaƙi biki in bai taɓa jinsa ba? Kuma ƙananan mawaƙa da kansu suke kawo mana suna roƙo a zuba wa mutane kyauta. Dattijon nan kuma yace ai ko a da ɗin ma ba kaset ne ya ciyar da makaɗa ba, iyayen gida ne, doki da riga da kujerar Makka. Gaskiya ne, amma ni dai har yanzu ina ganin da sake, wanda ya yi wahalar abu ya kamata ko yaya ne ya ɗanɗana.

Misalin ƙananan mawaƙan ma yana zaune a wajen ashe. Wani siririn yaro ɗan garin, ya sayar da buhun riɗinsa ya je situdiyo a Gumel ya yi waƙar soyayya, an matse muryar da na'ura har ta koma kamar ta aljani, a farkon waƙar kuma an yi minti guda ana jero gaisuwa ga injiniya da 'yan majalisa. Aka sa min ita don in yi alƙalanci, yaron ya sunkuyar da kai yana wasa da yashi. Tsakani da Allah waƙar ba ta kai ba, amshin ne kawai yake da ɗan kama kunne, amma na ce masa Allah ya ƙara basira, ya rage na'urar ya bar muryarsa ta fito. Injiniya yace duk memorin da ya shigo shagon nan sai ya fita da ita ko mai shi bai tambaya ba, haka suka yi yarjejeniya.

Da muka koma gida na tarar Baffa bai kwanta ba, na ba shi labari, sai yace duk foldodin nan da ka gani akwai wadda babu. Yace gangar noma. A zamaninsu in za a yi gayya makaɗi yana bin manoma a baya kunya-kunya, kowane ƙaƙƙarfan manomi da takensa, da an kaɗa shi ko daga nesa ya san da shi ake, sai ka ga mutum ya zabura ya bar sa'o'insa a baya. Yanzu gayya ta ja baya, ƙwadago ake biya, ciyawa kuma feshi ake mata, biki kuma DJ ake ɗaukowa da janareta duk da wasu garuruwan an hana su kaiwa dare. Makaɗin garin yana nan da ransa, noma yake da ɗan kiwo, 'ya'yansa ba wanda ya gaje shi. Nace Baffa to gobe a kai ni in ɗauke shi a waya mana. Yace ba zai yarda ba, an sha gwadawa, cewa yake ganga ba a kaɗa ta haka kawai mutum na zaune a kan tabarma, sai ga gona ga maza sun sunkuya, in ana so a ji a dawo da damina a tara gayya. Ban matsa ba.

Da asuba muka hau babur sai Maigatari. Kasuwar nan sai wanda ya gani. Kara cike da shanu da raƙuma da tumaki da jakuna, tireloli a jere ana lodin dabbobi zuwa kudu, 'yan canji da damin sefa da naira a hannu, Fulani da Buzaye da Barebari da mutanen Damagaram, ƙura kuwa har cikin haƙori. Yaya ya nuna min bakin iyaka yace lokacin da aka rufe ta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar kasuwar nan ta ji jiki sosai har zuwa Maris ɗin 2024 da aka buɗe, ya ƙara da cewa amma waƙa kam ba ranar da ta fasa tsallakawa. Shi ya wuce wajen awon riɗi, ni kuma na tsaya layin masu turi, don a nan ba ɗaya ba ne, jere suke ƙarƙashin lema kowa da laftof da sifikarsa, kowa na ƙoƙarin danne na kusa da shi, ga masu maganin gargajiya da lasifika su ma ba a bar su a baya ba. Makiyaya na ga sun fi sayen 'yar rediyon nan mai cin memori mai fitila a kai, a cika musu ita su rataya a kafaɗa su shiga daji.

A nan na haɗu da wani saurayi ɗan Damagaram da ya rako babansa sayar da raƙuma, yana tsaye yana jin wani kiɗan jita mai daɗi a wayarsa, na matsa nace ɗan'uwa wannan fa? Yace na Buzayen Agadas ne, a can shi ake yi a biki. Ba na jin Buzanci amma jitar kaɗai ta isa, tana tafiya tana komawa ga tafi a ƙarƙashi. Nace a tura min. Muka buɗe Xender a tsakiyar kara, raƙumi na leƙo mu. Da na duba wayarsa don in ga me zan ba shi a madadi sai na ga ya fi ni sababbin waƙoƙin Kano nesa ba kusa ba, su Umar M Shareef da Ali Jita da wasu yaran da ni ban ma san sun fito ba, yace ai a wajensu waƙar Kano ita ce waƙa, yau ta fita jibi tana Damagaram. Bege kawai ya nema a wajena, na ba shi abin da nake da shi. Sai da na goge bidiyoyin gurup ɗin unguwa kafin wayata ta ɗauke nasa.

Kafin la'asar Yaya ya gama cinikinsa ya sa ni a motar Kano da ledar zoɓo da ƙullin riɗi inji Inna. Memorin da na saya a wajen injiniya na ce ya cika min da tsofaffi, wadda Baba ya tace, ita nake ji yanzu safe da yamma tare da jitar Agadas, kuma a sifika, har maƙwabcina ya fara leƙowa yana tambaya. Shekaranjiya ina tare da baƙi a falo Narambaɗa yana ƙarewa sai kawai na ji wata matsattsiyar murya tana gaida injiniya da 'yan majalisa, ashe nima bai ƙyale ni ba ya zuba min waƙar yaron nan mai buhun riɗi, kuma abin haushin 'yata ƙarama ta riga ta haddace amshin.